Yadda mai doguwar tafiya a kan babur zai riƙa sanar da mutanensa halin da yake ciki

Fasinjan mota yana iya ɗaga waya ya amsa kira yana zaune. Mai babur ba shi da wannan gata. Hannuwansa biyu suna kan aiki, kansa yana cikin hular kwano, iska tana kaɗa masa kunne, wayar kuma tana can cikin aljihu. Sai a wuni ana kira ba a ɗauka, hankalin gida ya tashi, alhali lafiyarsa ƙalau, yana tsakanin Ningi da Bauchi ne kawai. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni: mutum ya faɗi a wani kwari tun da hantsi, amma ba wanda ya neme shi sai bayan Isha'i, saboda kowa ya saba cewa ba ya ɗaukar waya in yana kan hanya.

Maganin duka biyun ɗaya ne. A shirya tun kafin tashi yadda shirun matafiyi zai zama yana da ma'ana, wato a san shirun da ba komai ba ne, a kuma san wanda za a tashi tsaye a kansa. Sauran kayan aiki, daga caja har taswira, duk hidima suke yi wa wannan tsari. Za mu yi misali da hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, Bali da Serti har ta hau tsaunin Mambila ta kai Gembu. Tafiya ce da ta haura kilomita 1,000, kwana uku zuwa huɗu a ƙaramin babur, kuma akwai birni a cikinta, akwai daji, akwai dutse, akwai kusa da iyaka.

Mataki na farko: mutum ɗaya mai riƙe da labari

Zaɓi mutum guda a gida wanda shi za ka riƙa ba rahoto, shi kuma ya isar ga sauran. Kada ya zama mahaifiya, ko da ita ce ta fi kowa damuwa, domin minti goma na jinkiri a wurinta tashin hankali ne. A nemi yaya ko aboki mai sanyin kai, wanda wayarsa ba ta rabuwa da caji, wanda ya iya buɗe taswira, kuma ba ya jin kunyar kiran baƙuwar lamba. A sa masa mataimaki ɗaya saboda ranar da zai shiga uzuri.

Ka rubuta masa takarda, ka kuma tura masa hotonta. A ciki a sa jerin garuruwan da za ka bi kowace rana da inda kake sa ran kwana, lambar babur da irinsa da launinsa, kalar hular kwano da rigar da za ka fi sawa, duk lambobin wayarka, rukunin jininka da wata larura in akwai, sai lambar mutum ɗaya a kowane babban zango: ɗan'uwa a Bauchi, abokin kasuwanci a Gombe, mai masauki a Jalingo. Wannan jeri na ƙarshe shi ne mafi daraja a takardar. Wanda ke Kano ba abin da zai iya yi wa wanda ya maƙale bayan Bali, amma yana iya tayar da wanda ke Bali.

Sai lokutan rahoto. Lokutan salla sun fi agogo sauƙin riƙewa, tunda dama za ka tsaya, kuma na gida ba zai manta ba. Huɗu sun isa: lokacin tashi bayan Asuba, Azahar, La'asar, da isa masauki kafin Magariba. Wajen kintata lokacin isa, kada ka yi lissafi da gudun da allon babur ke nunawa. Babur mai ƙaramin inji irin Boxer ko TVS, in aka haɗa da tsayawa shan mai, shingen bincike, ramuka da hutun baya, da wuya ya wuce kilomita 45 zuwa 50 a awa. Kano zuwa Bauchi, kimanin kilomita 300, ka ba ta awa shida zuwa bakwai. Wanda ya ce zai iso a awa huɗu ya jawo wa kansa neman da ba dalili.

Abin da aka fi mantawa shi ne a faɗa wa mai riƙe da labari abin da zai yi in lokaci ya wuce shiru. A yi masa matakala a fili. Awa ɗaya bayan lokaci, ya tura saƙon tes a duk layukan, ya jira. Awa biyu, ya kira kowane layi, ya kuma kira abokin tafiya in akwai. Awa uku, ko kuma Magariba ta yi ba a ji an isa ba, ya kira mutumin zangon gaba da na zangon baya, su tambaya a tasha da gidajen mai da wurin masu faci. Daga nan sai hukuma: 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, 112 ta gaggawa, da ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumar da aka ji ka a ƙarshe. A kuma yarda cewa ba zai sanar da iyaye ba sai an kai mataki na uku.

Layuka da wayoyi

Layi ɗaya ba ya isa. Ba kamfanin da ya mamaye ko'ina, kuma wanda ya fi ƙarfi a wannan ƙauye yana iya ɓacewa a na gaba. Ka riƙe layuka biyu na kamfanoni daban, misali MTN da Airtel, ko ɗayansu da Glo, ka tabbata duk an haɗa su da lambar NIN ɗinka kuma kira yana fita a kowanne. Layin da ya yi watanni a aljihun tebur ka gwada shi mako guda kafin tafiya, ba daren tashi ba. In kana son sanin wanda ya fi kamawa a wata hanya, direbobin motocin haya na wannan layi a tasha sun fi kowace taswirar kamfani sani. Za su ce maka daga gari kaza zuwa kaza kada ka sa rai, sai ka hau tudun da ke bayan kasuwa.

Ka zuba kati a kowane layi, ba data kaɗai ba, domin data ba ta aika tes. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta daidaita lambobin kamfanoni: *310# duba kuɗi, *311# zuba kati, *312# sayen data, *323# duba ragowar data, *303# aron kati. Ka sayi katin takarda biyu ko uku ka ajiye ba tare da ka zuba ba, saboda ranar da manhajar banki za ta ƙi buɗewa.

Wayoyi kuma biyu. Babbar ita ce ta taswira da WhatsApp da hoto. Ƙaramar mai maɓalli da tocila, wadda batirinta ke kwanaki, ita ce ta ceto. A caje ta ta cika, a kashe ta, a sa ta a leda, a sa a aljihun jiki. Dalilin aljihun jiki shi ne in an faɗi, sau da yawa babur yana zamewa gefe guda mutum yana wani gefen, kuma mai karyayyar ƙafa ba zai iya rarrafawa ya kai ga jakar da ke ɗaure a bayan babur ba. A adana muhimman lambobi a cikinta da hannu, a kuma rubuta biyar daga ciki a takarda a sa cikin walat.

Wuta: inda yawancin shiri ke rushewa

Babbar waya mai buɗe taswira, allonta a cike da haske saboda rana, tana kuma faman neman sabis a daji, ba ta kai wa Azahar. Dole a sami caji a kan babur.

Abin da ake buƙata shi ne cajar USB ta babur mai sauke wuta daga bolt 12 zuwa 5, mai ba da aƙalla amf 2, mai murfin roba, tare da gidan fiyus da fiyus na amf 2 ko 3. Ga yadda ake haɗawa, ko da kanka ko ka tsaya a kan mai gyaran wuta ya yi a gabanka. A cire kan batir na baƙar wayar wuta tukuna. A nemo wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, galibi wadda ke zuwa hon ko makunnin fitilar birki, a ɗauki jar wayar caja daga nan, fiyus yana kusa da wurin da aka ɗauka. Baƙar wayar a kai ta kan batir ko a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen babur inda aka kankare fenti. A bi da wayoyin ta inda sauran suka bi, nesa da kan inji da salansa, a ɗaure da robar ɗauri, sannan a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a ga ba inda suka ɗame ko suka matse.

Kurakurai uku ne ke yawan faruwa. Na farko, haɗa caja kai tsaye a batir. Yawancin cajojin suna tsotsar wuta kaɗan ko ba a jona komai ba, musamman masu ɗan haske ko allon nuna bolt, batirin ƙaramin babur kuwa bai fi amf-awa 4 zuwa 7 ba. In babur ya yi kwanaki a ajiye sai a tarar sitata ta ƙi. Na biyu, ɗaukar wuta daga wayar fitilar gaba. A ƙananan babura da dama fitilar gaba tana shan wuta ne kai tsaye daga koyil, wuta mai hawa da sauka da gudun inji, ba ta batir ba, kuma tana ƙona caja. Na uku, murɗa waya da hannu a naɗe da salatif. Girgiza tana kwance shi cikin kwana biyu, sai caji ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, wanda ya fi rashin caji illa ga waya. A yi dalma ko a matse da kan ƙarfe.

Kafin a rufe, a sa mita a kan batir. Inji a kashe, ya nuna 12.4 zuwa 12.7. Inji yana aiki an ɗan ja totur, ya nuna 13.5 zuwa 14.5. In bai tashi daga 12 da ɗoriya ba, babur ba ya cajin batirinsa, balle ya ciyar da waya. In ya haura 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ta lalace, a canza ta kafin ta kashe caja da batir tare.

Wata dabara da ta fi jona waya kai tsaye ita ce ka bar babur ya caji fawa-bank a cikin jaka duk wuni, da dare fawa-bank ya caji wayoyi. Ramin cajin waya ba a yi shi don girgizar awa takwas da kebul a ciki ba, yana sakwarkwacewa. Game da girman fawa-bank, kada lambar da ke jiki ta ruɗe ka. Mai 20,000 na gaske, bayan asarar da ake yi wajen juya wuta, abin da ke shiga waya bai fi 12,000 zuwa 13,000 ba, wato cika waya mai batir 5,000 sau biyu da rabi. Na jabu kuwa ana gane shi a hannu: in ya yi shafal kamar kwalin ashana amma an rubuta 50,000, ajiye shi. Kebul a riƙe uku, gajeru masu kauri. Shi ne abin da ya fi komai mutuwa a hanya, kuma shi ne mafi arha.

A masaukin da babu wuta akwai masu cajin waya a kusan kowace tasha. Ka kai musu fawa-bank, wayar ta zauna a jikinka.

Inda waya za ta zauna

Maƙala waya a kan babur yana da daɗi wajen duba hanya, amma yana da tsada. A 2021 kamfanin Apple ya fito fili ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin babur tana lalata kyamara, saboda ƙananan sassan da ke daidaita hoto a ciki suna motsi ne. Duk waya mai irin wannan kyamara tana cikin haɗarin. Alamar ita ce hoto ya riƙa rawa ko ya ƙi fitowa tas. In dole ne a maƙala, a sayi maƙali mai robar shanye girgiza, ko a maƙala tsohuwar waya mara tsada don taswira kawai.

Zafi ya fi girgiza saurin nuna kansa. An ƙera yawancin wayoyi su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, a bazara kuwa kwarin Binuwai wajen Numan yana haura 40 a inuwa. Waya a cikin jakar leda mai fuskar gilashi, rana na dukanta tana kuma caji, da farko allonta zai dushe, sai ta daina karɓar caji, sai ta kashe kanta. In ta yi haka a cire ta daga riga, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, minti goma sha biyar. Kada a sa mata ruwan sanyi ko ƙanƙara, raɓa za ta taru a ciki.

Da hunturu ƙura ce ke cika ramin caji har kebul ya ƙi zama. Tsinken sakace na itace yana fitar da ita, waya a kashe, a hankali, ban da allura. Da damina kuma, ko a hazon Mambila mai jiƙa kaya ba tare da an ga ruwa ba, kada a jona caji rami yana da laima, domin wuta da ruwa suna cinye ƙananan haƙoran ciki.

Saƙon kansa

A wurin da sabis ya zama sanda ɗaya, tes ya fi komai wucewa. Kira yana bukatar layi ya tsaya na ɗan lokaci, WhatsApp yana bukatar data, tes kuwa daƙiƙa kaɗan yake nema, yana fita ko a tsohon sabis na 2G. Saboda haka rahoton lokaci a yi shi da tes, hira da hotuna a bar wa WhatsApp.

Saƙo mai amfani yana ɗauke da abu huɗu: inda kake, ƙarfe nawa, inda ka nufa, da lokacin da za a sake jin ka. Misali: "Yaya, Kaltungo 2:10, lafiya lau. Na nufi Numan. Sai 5:30." A sa lokaci a ciki ko da yaushe, domin tes yana iya maƙalewa ya isa bayan awa uku, mai karantawa ya ɗauka yanzu kake wurin.

Akwai wani abu da ya shafi masu rubutu da Hausa musamman. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, ko ɗan hoton murmushi, waya tana juya saƙon zuwa wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Saƙon da zai tafi guda sai ya rabu biyu ko uku, kuɗi ya ninka, kuma a raunin sabis wani ɓari yana iya isa wani ya maƙale. A tes na hanya a bar lanƙwasa, a rubuta k da d da b, mai karatu zai gane.

A WhatsApp ka duba alamar da ke gefen saƙo kafin ka mayar da waya aljihu. Ɗan agogo yana nufin bai bar wayarka ba. Maki ɗaya ya fita, biyu ya shiga wayar wancan. Mutane da yawa suna rantsuwa sun tura, saƙon kuwa yana nan da agogonsa har dare.

Raba wurin da kake kai tsaye yana da amfani in an san iyakarsa. WhatsApp yana ba da zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8, don haka wanda aka kunna bayan Asuba zai mutu wajen Azahar, a sabunta shi a tsayuwar salla. Na Google Maps ana iya barinsa har sai an kashe, kuma yana nuna wa na gida yawan cajin da ya rage maka, abin da ke kwantar da hankali sosai: in ya ga kashi 4 cikin ɗari ne na ƙarshe, ya san batir ne. Duka biyun sai da data. Inda babu, ɗigon yana tsayawa a wurin ƙarshe, don haka a koya wa mai riƙe da labari ya riƙa duba lokacin da aka sabunta, kada ya ga ɗigo ya tsaya a daji ya ɗauka an faɗi. Wayoyi irin su Tecno da Infinix kuma suna da tsarin tattalin batir mai kashe manhaja in allo ya mutu. A shiga saitin batir a cire WhatsApp da taswira daga cikin waɗanda ake takurawa.

Na'urar gane wuri da ke cikin waya da tauraron ɗan'adam take magana, ba ruwanta da data. In ka sauke taswirar yankin tun a gida, a Google Maps ko Organic Maps ko OsmAnd, za ka ga kanka ko babu sabis. Danna yatsa ka riƙe a kan inda kake, lambobi biyu za su fito, ka kwafe su cikin tes. Huɗu bayan ɗigo sun isa, suna kai mai nema kusan mita goma daga gare ka. A kula da jerinsu, ta arewa ce farko sannan ta gabas. Kano tana wajen 12.00, 8.52, amma in aka juya su aka rubuta 8.52, 12.00, mai nema zai nufi wajen Ganye a jihar Adamawa.

In ka san za ka shiga dogon wuri mara sabis, kamar wasu sassan hanyar Bali zuwa Serti da hawan dutsen bayan Mayo Selbe, ka tura saƙo kafin ka shiga, ka faɗi lokacin da kake sa ran fita, sannan ka sa waya a yanayin jirgi. Neman sabis ɗin da babu shi yana shan batir sosai.

Abokai kuma hakkinsu da dare ne. A buɗe guruf ɗaya na tafiyar, bayan an ci abinci a zuba hotuna biyar ko shida da saƙon murya na minti biyu. Saƙon murya ba ya cin data sosai kuma yana jira har sabis ya samu, kiran bidiyo kuwa a raunin sabis ɓata rai ne kawai. Hajiya a kira ta da baki, ko na minti ɗaya ne, ita murya take son ji.

Wanda bai kamata ya sani ba

Baki shi ke yanka wuya. Wurin da kake kai tsaye mutum biyu ko uku kawai za a ba, kada a jefa shi a babban guruf na unguwa ko na tsofaffin ɗalibai inda ba ka san rabin mutanen ba. Hoton Facebook da na sitatus a jinkirta shi kwana guda, a sa na garin da aka riga aka bari, kuma kada a rubuta hanyar gobe ko sunan masauki. A hanyoyin da ake garkuwa da mutane, labarin wanda zai wuce da lokacin wucewarsa abin sayarwa ne.

Ku yarda da mai riƙe da labari a kan wata kalma da ba za ta ja hankali ba, wadda in ta fito a saƙo ko a kira yana nufin ba da son ranka kake magana ba. Ku kuma ajiye wata tambaya da ku biyu kaɗai kuka san amsarta. Amfaninta shi ne in waya ta faɗa hannun ɓarawo ya fara tura wa dangi cewa an yi haɗari a turo kuɗi. Sa wa layinka lambar sirri, kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takardar da ka bari a gida.

A tambayi halin hanya kafin a tashi, domin hukuma ma tana iya yanke sadarwa. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni a haka. Dokar hana hawa babur ma tana nan a wurare: Maiduguri tun 2011, wasu yankunan Diffa da Tillaberi a Nijar su ma an sha sa ta, wasu garuruwa kuma da dare ne kawai. Wanda aka tsare da babur a shinge, yawanci wayarsa ma ba ta hannunsa.

In tafiyar ayari ce

Tsakanin mahaya, hannun hagu da madubi sun riga kowace na'ura. A zauna kafin tashi a yarda da alamu kaɗan: nuna tanki, mai ya yi ƙasa; tafin hannu yana sauka ƙasa, a rage gudu; nuna ƙasa da ƙafa, rami ko yashi a wannan gefen; hannu sama a dunƙule, a tsaya. Doka mafi amfani ita ce kowa yana da alhakin wanda ke bayansa. In fitilarsa ta ɓace daga madubinka, ka rage gudu, in bai bayyana ba ka tsaya. Na gabanka zai rasa ka shi ma ya tsaya, a haka labari zai kai ga jagora ba tare da an taɓa waya ba. A kowace mararraba ba a juyawa sai na baya ya ga inda aka bi. A kuma sa wurin haɗuwa na kowane zango, kamar gidan mai na farko a hannun dama in an shiga gari, saboda in an rabu.

Na'urar magana ta cikin hular kwano, irin ta Cardo da Sena da masu arha da ke bin bayansu, tana haɗa mahaya ta bulutut ba tare da sabis ba. Nisan da ake rubutawa a kwali, kilomita ɗaya zuwa biyu, na fili ne fetal. Tirela ɗaya ko lanƙwasar hanya ɗaya a dutse tana yanke shi, a ƙaddara rabin abin da aka rubuta. Kamfani daban-daban ba sa cika jituwa, a gwada haɗa su a gida. Tana da kyau wajen cewa ga rami, ga shanu. Doguwar hira da gida a kan gudu tana raba hankali, kuma riƙe waya a hannu ana tuƙi laifi ne da hukumar kiyaye haɗurra ke kamawa.

Oba-oba kuwa a yi hattara da ita. Amfani da irin waɗannan rediyo yana bukatar izinin hukuma, kuma matasa a kan babura ɗauke da oba-oba a yankin da ake fama da 'yan bindiga, kowa ya san yadda soja zai kalle su a shinge. Haka wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya da na'urar Garmin inReach. Suna aiki inda babu sabis sam, inReach tana aika tes da wuri ta taurarin Iridium bisa kuɗin wata, amma ba a shiga da su ko'ina sai an tambayi dokar wurin, rasit da takardu suna jiki.

Kusa da iyaka da bayanta

A garuruwan bakin iyaka waya tana iya tsallakawa ita kaɗai ta kama sabis ɗin maƙwabta, kati ya ƙare ba a san dalili ba. A kashe yawon data, wato roaming, a mayar da zaɓin kamfani na hannu.

In za a tsallaka da gaske, misali daga Daura zuwa Damagaram ko daga Jibiya zuwa Maraɗi, sayen layin ƙasar da katin shaida ya fi arha nesa ba kusa ba. A Nijar akwai Airtel, Moov da Zamani. WhatsApp zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka ko ka sa sabon layi, kada ka taɓa wurin canza lamba. Layin gida a bar shi a ƙaramar waya saboda saƙon banki. Aikin farko da sabon layi shi ne tura lambarsa ga mai riƙe da labari. Tun a gida a gyara duk lambobi su fara da lambar ƙasa, a cire sifirin farko na lambobin Najeriya: +234 Najeriya, +227 Nijar, +237 Kamaru, +235 Chadi, +233 Ghana. Agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ɗaya ne, Ghana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, a gyara lokutan rahoto daidai da haka.

Ranar da abu ya faru

In babur ne ya lalace inda babu sabis, a fara da tudu mafi kusa, a gwada layi na biyu, a mayar da waya kan 2G, a rubuta tes ya tsaya a shirye. In bai fita ba, a rubuta a takarda lambar mai riƙe da labari da inda ake da abin da ya faru, a ba direban da ya wuce ya kira in ya kai sabis. A ba mutum biyu daban, ɗaya yana iya mantawa.

Saboda ranar da ba za ka iya magana da kanka ba, cika bayanan gaggawa a waya yadda za a gan su ba sai an buɗe makulli ba. A yawancin sababbin wayoyin Android, danna maɓallin kunnawa sau biyar a jere yana kiran gaggawa, wasu har su tura wurinka ga lambobin da ka zaɓa. A saita shi a gida a san yadda yake. Sannan a manna ɗan farin salatif a gefen hular kwano, a rubuta da alƙalami mara gogewa: rukunin jini, da "A kira yayana" tare da lambarsa. Wanda ya fara isowa wurin haɗari a ƙauye ba lallai ya iya buɗe wayarka ba, ko ma ta fashe, amma zai ga hular.